Littafin Tsohon Gida da Ranar da Na Kira Sunan Safiya

Shekarar da ƙwarin nan masu jajayen idanu suka fito daga ƙarƙashin ƙasa suka cika Maryland da kuka, ita ce shekarar da zan ba ku labarinta. Kai Musa ka tuna su, don kai ne kake tara ɓawonsu a kwalin takalmi kana tsorata ƙanwarka Bilkisu. A unguwarmu ta Greenbelt idan rana ta take, sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Cutar nan da ta rufe duniya ta fara sauƙi, an soma buɗe masallatai da makarantu, mutane suna gaisawa ta bayan takunkumi. Ku biyun kuna ƙanana. Abin da kuka sani shi ne, da muna zuwa gidan Baffanku a Fort Washington kowace Lahadi, sai aka wayi gari mun daina. Kun ji bayani iri-iri a bakin mutane. Wasu sun ce sana'a ce ta raba mu, wasu sun ce mahaifiyarku ce ta zuga ni. Babu ko ɗaya a ciki. Ga yadda aka yi, da hannuna na rubuta, ku yi haƙuri da hannun, bai daɗe da sanin alƙalamin boko ba.

Sai na fara da Yaya Shehu, domin in ba ku san abin da ya yi mini ba za ku ɗauke shi mugu, kuma ba mugu ba ne. Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu a Malumfashi. Shi aka sa a boko, ni aka bar ni da allo da gona, don gida ba ya iya sakin hannu biyu daga noma lokaci ɗaya. Na iya karatun Alƙur'ani, amma baƙin boko ko ɗaya ban sani ba har na ajiye gemu. Yaya ya shiga fatauci, ya kai Legas, daga can Allah ya kawo shi ƙasar nan, ya kafa sana'ar sayen motocin gwanjo yana loda su a kwantena zuwa gida. Bai manta da ni ba. Shekara da shekaru yana bin takarduna har aka ba mu izinin zuwa, ni da Rabi mahaifiyarku da yayarku Safiya, lokacin tana famfarar haƙori. Shi ya kama mana gidan haya, shi ya ba ni aiki a sitonsa, ina ɗaure motoci da sarƙa ina cusa katifu da firji a gefensu. Aikin bai bukaci karatu ba. Yaya ya karanta, ni in ɗauka. Da rana mu zauna a bakin kwantena mu ci abinci a kwano ɗaya kamar muna gona.

Akwai kuma al'adar gidanmu, wadda ku ba ku tashi a cikinta ba. Ɗan fari ba na iyayensa ba ne. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa, in an yanke masa hukunci ba ya sa baki. Kunya ke nan. Mahaifinmu har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunan Yaya a bakinsa ba, "wancan" yake cewa, alhali kowa ya san duk duniya ba wanda yake so kamarsa. Da aka haifi Safiya, Yaya ne ya zaɓi sunan ta wayar tarho, shi ya sa aka yanka rago, ni kuma na faɗa masa abin da ƙane yake faɗa: Yaya, 'yarka ce, ba ni da ta cewa a kanta. Har zuciyata na faɗa. Shi ya sa ake kirana Baban Musa, alhali Musa na biyu ne. Ita kuwa in zan kira ta sai in ce "ke", in zan ambace ta in ce "'yar Yaya". A Malumfashi kowace yarinya ta san ma'anar wannan. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda abin yake sauka a kunnen yarinyar da ta girma a Greenbelt ba, inda take ganin uban ƙawarta yana ƙwala mata kira da sunanta a bakin filin ƙwallo har jijiyar wuyansa ta tashi.

Tun kafin cutar na shiga ajin yaƙi da jahilci na manya a laburaren unguwa, Talata da Alhamis bayan na tashi aiki. Malamarmu sunanta Doris, dattijuwa ce baƙar fata da ta yi koyarwa har ta yi ritaya, tana dogara sanda, kuma ba ta gajiya da maimaici. Zuwa wannan shekarar ina iya karanta allon hanya da gajerun labarai masu manyan baƙaƙe. Yaya yana yi mini ba'a, in ya ga jakata sai ya ce, "A ba ɗan firamare hanya." Ba da mugunta ba. Ni ma dariya nake yi.

Abin ya faro ne ranar Babbar Sallah a gidansa. Maza muna bayan gida muna gashin nama, yara suna ɗakin ƙasa. Can sai autan Yaya ya hauro da gudu yana kuka, ya rantse ba zai sake sauka ba, wai Safiya ta ba su labarin wata mata da take tafiya a cikin bango. Yaya ya sa aka kira ta. Ta zo da littafi a hannu, ta sa yatsa a inda ta tsaya. Ya karɓa ya juya bangon. Har yau ina ganin hoton: wani tsohon bene a kan tudu, farin wata a bayansa, taga ɗaya tak da haske, sai wata mata da farar riga tana waiwaye.

"Ke, mene ne wannan?"

Ta amsa da Turanci cewa a makaranta aka ba su ɗaya su karanta lokacin hutu, ya yi mata daɗi, ta aro wasu.

"Hausa nake yi miki."

"Littafi ne, Baffa."

"Na ga littafi ne, ban ce miki tukunya ba ce. Wannan matar, matacciya ce ko rayayya?"

"Sai an kai ƙarshe ake sani."

Wani daga cikin baƙi ya yi dariya, dariyar nan kuwa ita ta ɓata komai. Yaya ya sallame ta, ya ja ni gefe. Ya ce ya daɗe yana lura da ita, ta rage magana, kullum baƙaƙen kaya, kullum kai a cikin littattafan matattu da aljanu. Ya tuna mini ɗan wani abokinsa da ya fara da irin wannan, ya ƙare ya bar salla ya bar gida, uwarsa ba ta san inda yake kwana ba. Idonsa ya kawo ruwa yana faɗa, tsoro ne na gaske. Ya ce in an yi hutun ƙarshen shekara zai je gida, da ita zai tafi, akwai makarantar kwana ta 'yan mata a Katsina, can za ta ƙarasa. Shekara biyu suka rage mata ta gama sakandare a nan, malamanta kuma suna yabonta. Duk na san wannan. Na ce, "To, Yaya."

Sai da muka isa gida Rabi ta yi magana. Ita ma 'yar farinta ce, ita ma kunyar tana kanta. Tana ninke mayafi ta ce, "Baban Musa, na ga ka iya 'to'. Allah ya bar ka da ita." Washegari da safe ina shan shayi Safiya ta fito. Ta tsaya a gabana, ta yi mini magana da Hausa, Hausarta mai ɗingishi, kuma da ta yi da Turanci da abin bai soke ni haka ba.

"Baba, Baffa bai karanta ba. Kai ma ba ka karanta ba. Bango kawai kuka gani."

Ta ajiye littafin kusa da kofina ta koma ɗaki. Na daɗe ina kallonsa. Gaskiya ta faɗa, kuma ni ne wanda ba ya iya karantawa ko da ya so. Na sa shi a jakata.

Da na nuna wa Malama Doris, ta cire tabarau ta yi dariya har sandarta ta faɗi. Ta ce ita ma tana budurwa uwarta ta taɓa ƙwace mata irinsa. Ta ce irin waɗannan labarai suna da suna, Gotik ake ce musu, an samo sunan daga tsofaffin gine-ginen Turai masu dogayen ƙofofi da tsinin kai, irin babbar majami'ar nan da ke kan tudu a Washington. Sun fi shekara ɗari biyu ana rubuta su, kuma a makarantu ake koyar da su. Na ce mata ni ba tarihinsu nake nema ba, so nake in san abin da ke cikin wannan da idona, kuma kafin hutun ƙarshen shekara. Ta dube ni, ta dubi kaurin littafin, ta ce wannan zai kai ni baɗi. Amma akwai wanda aka sauƙaƙa don masu koyo, labarin ɗaya ne, an rage kalmomi masu wuya. Ta samo mana, ta ce ajin duka shi za mu karanta. Lokacin da maƙwabta suka fara jera kabewar da aka sassaƙa wa fuska da haƙora a ƙofar gida, kamar yadda suke yi kowace kaka, mun kai tsakiya.

Malama ba ta zayyana mana dokokin irin wannan labari ba, bari ta yi mu gano da kanmu. Duk inda muka kai sai ta tambaya, wa ya taɓa jin makamancin wannan a garinsu? Sai hannuwa su tashi. Tsohon gida da ya fi ƙarfin mutanen cikinsa, rabinsa a rufe, rufinsa yana yoyo: wata 'yar Habasha ta ce akwai shi a bayan gidan kakarta. Hadari da tsawa da suke tasowa daidai lokacin da za a faɗi mugun abu: wani birkila ɗan Salbado ya ce a labaran garinsu ma ruwa ba ya sauka a banza. Ɗakin da aka ce kada a buɗe. Hoton wani kaka a bango da idonsa yake bin mutum. Yarinya baƙuwa wadda ba ta da kowa, ta shigo gidan tana tambayar abin da ba a tambaya. Mai gida mai iko da ba a yi masa musu. Ƙara da ake ji ba a ga mai yinta ba. Ni kuwa ina zaune ina tuna kufan da ke hanyar gonarmu, wanda ba mai bi ta cikinsa da tsakar rana, da tsamiyar da aka hana mu jifa, da kakarmu tana ba mu tatsuniyar Dodo muna cusa kai a zanenta muna cewa ta ci gaba. Na ce wa Malama ashe mu ma muna da su, bambancin kawai mu da baki muke yi, su sun sa a takarda. Ta ce haka ne, kuma wani lokaci fatalwar takan zama mutum ne da ransa, wani lokaci marubucin ya bar ka cikin shakka har ƙarshe. Sai ta ba mu makulli ɗaya. Ta ce duk sanda kuka shiga irin wannan gida a littafi, ku bar tambayar ko akwai fatalwa, ku tambaya wa aka zalunta a nan, kuma wa ya sani ya yi shiru. Na ce mata a Hausa muna cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Na fassara mata da 'yan kalmomina. Ta sa na je gaban allo na rubuta, karo na farko ke nan da na rubuta Hausa da boko a gaban mutane.

Labarin kansa ga shi a taƙaice. Wata marainiya aka kai gidan wasu masu ƙasa. A tsakar gidan akwai rijiya da aka toshe da dutse, an hana ambatonta. Duk damina ruwa yana tsattsafowa ta bangon ɗakin cin abinci, a shafe, ya dawo, bayi suna cewa wata mata ce take kuka a ciki. Ashe kakan gidan ne ya ƙwace rijiyar daga mutanen ƙauye, matar da ta tsaya masa kuma ba a sake ganinta ba. Kowa a gidan ya sani. Ina karantawa bayan sallar asuba, ina karantawa a cikin jirgin ƙasa, ina karantawa a bayan kwantena in Yaya ya tafi wurin gwanjo, yatsana a ƙarƙashin layi, leɓena yana motsi. Wata kalmar sai in yi kwana biyu da ita a aljihu kafin ranar aji. Akwai abin da ban yarda da shi ba, don mu mun san mamaci ba ya dawowa. Amma wa ya taɓa yarda gizo yana magana? Na duba iyakar dubawata, ban ga kiran aljani ba, ban ga inda aka ce wa yaro ya bar salla ba. Abin da na gani shi ne gidan da aka gina a kan zalunci ba ya zama lafiya ko bayan jikoki.

Mutum ɗaya a labarin ya fi tsaya mini a rai, ƙanen mai gidan. Shi ne mai kirki. Shi yake kawo wa yarinyar kyandir, shi yake ajiye mata abinci in an hana ta. Amma da wansa ya yanke a kai ta wani wuri mai nisa don ta cika tambaya, sai ya sunkuyar da kai ya tafi duba dawaki. Na tsane shi fiye da mai gidan. Wata Asabar Rabi tana tuƙa tuwo ina ba ta labarin, na ɗaga murya na ce wannan ba namiji ba ne, ya san gaskiya ya zauna yana kawo kyandir.

"Haba, Baban Musa," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "Me ya yi maka? Mutum mai biyayya, mai kunya, ya san girman wansa. Ni kam ya burge ni. Miƙo mini marar nan."

Na miƙa mata. Sai a lokacin na gane da wa take.

Kada ku ce ban nemi hanyar sirri ba. Na nema. Sau da yawa a sito ina buɗe baki in ce, "Yaya, game da 'yarka," sai ya ce, "An gama wannan, Garba, miƙo sarƙa." In miƙa. Harshen da ya shekara arba'in da wani abu yana cewa to ba ya juyawa rana ɗaya. Har aka sabunta mata fasfo, har Rabi ta fara sayen zannuwan gado na makaranta tana ɓoyewa a ƙasan akwati don kada yarinyar ta gani.

Ranar cin talotalo ta zo, bikin godiya na mutanen ƙasar nan, hutun da kowa yake gida. Yaya ya tara mutane kamar yadda ya saba, likitoci da injiniyoyi da 'yan kasuwa, da iyalansu. Gidajen ƙasar nan ba bango tsakanin falo da kicin, saboda haka mata suna jin duk abin da maza suke faɗa. Aka ci talotalo da miyar taushe, aka yi la'asar. Sai Yaya ya juya wurin Alhaji Mamman, wani dattijo ɗan Nijar da ya yi aikin rediyo har ya yi ritaya, wanda ya girme mu duka.

"Alhaji, a sa mana albarka. 'Yata za ta bi ni gida karatu, a yi mata addu'a."

Na ga tafukan hannu sun fara tashi. Na san in aka shafa an gama, abin da aka yi wa fatiha a gaban dattawa ba a warware shi. Safiya tana zaune a kan matattakala ta haɗa kai da gwiwa.

"A dakata, Alhaji."

Muryar da ta fito kamar ta ɗan akuya, ni kaina ban gane ta ba. Hannuwa suka tsaya a sama.

"Yaya, na karanta littafin."

"Wane littafi?"

"Mai tsohon gidan nan. Wanda ka karɓa ranar Sallah."

Ya yi dariya, yana neman ya mayar da abin wasa don ya rufa mini asiri. "Ku ji ɗan firamare. Kai da kake bin allon hanya da yatsa?"

Na ciro wanda aka sauƙaƙa ɗin daga aljihun babbar riga. Na buɗe inda yarinyar ta tsaya a gaban mai gida ta ce a ɗage dutsen rijiyar, na fara karantawa da ƙarfi. Na yi tuntuɓe, na koma baya. Wata kalma ta ƙi fita, Alhaji Mamman ya ce, "Tsallake ta, ci gaba." Na kai ƙarshen shafin. Sannan na faɗa musu da Hausa abin da labarin ya ƙunsa tun daga farko, da rijiyar da ruwan bango da matar da aka zalunta. Na ce tatsuniya ce irin ta kakanninmu, ta Turawa ce kawai, kuma darasinta ko a mumbari aka faɗe shi ba wanda zai tashi.

Yaya ya saurara har na gama. Fuskarsa ba fushi tukuna.

"Na ji. Ka iya karatu, wallahi na yi murna, Allah ya ƙara basira. Amma ba littafi nake tambayarka ba. Ka ba ni yarinyar nan ko ba ka ba ni ba?"

"Na ba ka."

"Da bakinka?"

"Da bakina."

"To, kyauta ake yi a dawo a karɓe? A gidanmu ka ga an yi haka?"

"Ban gani ba, Yaya. Duk abin da ka ce in ɗauka na ɗauka, kuma ban biya ka ko rabin alherinka ba. Kai ba ka karanta ba, tsoro ka ji mata, Allah ba zai kama ka da abin da ba ka sani ba. Ni na karanta. In na yi shiru yanzu, hakkinta a wuyana yake."

"To me kake cewa? Faɗa a ji."

"Ina cewa Safiya ba za ta tafi ba."

Ban shirya faɗin sunan ba, shi ya fito da kansa. Ludayi ya faɗi a kicin. Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska, matan da suka taso a gida suka sunkuyar da kai, don su sun san abin da suka ji. Yaran da aka haifa a nan suna ta duban juna, ba su ga abin mamaki ba. Safiya ta ɗago. Kallon da ta yi mini ba ni da kalmarsa, ko a Hausa ko a 'yan Turancin da na koya.

Yaya ya sauke ido kan kafet. Da ya yi magana, a hankali ya yi.

"Shi ke nan. Ɗauki 'yarka. Gobe ka bar makullin sito a wurin mai gadi."

Alhaji Mamman ya so ya shiga tsakani, Yaya ya ɗaga masa hannu cikin ladabi ya haye sama. Dattijon ya dube ni ya ce tunda an riga an ɗaga hannu ba za a sauke shi a banza ba, ya yi addu'a Allah ya daidaita 'yan'uwa, ya yi wa yarinya albarka a duk inda take karatu. Muka shafa, muka fito.

A mota, muka hau babban titin da ya zagaye gari, motoci sun cushe kamar kullum. Sai na ji murya daga baya.

"Baba, sake faɗa."

"In sake faɗin me?"

"Ka sani."

"Ke, rufe mini baki ina tuƙi."

"Ba haka ba."

"Safiya, rufe mini baki ina tuƙi."

Ta fashe da dariya tana kuka, kai Musa ka kama dariya ba ka san dalili ba, Bilkisu tana barci. Mahaifiyarku ta juya fuska wajen taga tana cewa, "Oh ni Rabi, yau na ga rashin ta-ido," amma kafaɗunta suna rawa.

Sanyin shekarar ya yi mana tsawo. Rabi ce ta riƙe gidan da dambun naman da take yi wa mutanen masallaci. Na ji ana neman direbobin bas ɗin makaranta, amma sai mutum ya ci jarrabawar rubutu kafin a ba shi lasisin babbar mota. Da bara ce ko kusa da ƙofar ba zan je ba. Safiya ta zama malamata, tana zaune a kan teburin cin abinci tana yi mini tambayoyi a kan birki da madubi, in na kuskure ta buga cokali ta ce, "Ɗan firamare, sake." Na faɗi a karon farko. A na biyu na ci. Ranar da na fara jan doguwar motar nan mai ruwan ɗorawa, Malama Doris ta tsaya a bakin laburare da sandarta tana ɗaga mini hannu kamar gwamna ne zai wuce. Safiya ta gama sakandare a nan, ina cikin masu ihu da sunanta ranar da aka ba su shaida, har wata Baturiya ta waiwayo. Yanzu tana jami'a tana karatun adabi, sallarta ba ta taɓa wuce lokaci ba, baƙaƙen kayan ma ta gaji da su da kanta. Na koma na karanta littafin na asali, mai kaurin, ya ɗauke ni shekara. In ta zo hutu takan kawo mini wani. Ina buɗewa in ga an ce kada a shiga ɗakin sama, sai in ce mata to, wa suka zalunta kuma? Ta ce, "Baba, ka bari a kai wurin mana."

Ba zan ce muku kyauta na samu wannan ba. Na rasa aikina a gefen ɗan'uwana, da kwanon nan ɗaya a bakin kwantena. Na rasa Lahadin Fort Washington, ku kuma kuka tashi ba ku sake ganin 'ya'yan Baffanku ba sai a hoto. Na rasa sunana a Malumfashi, inda gwaggwanninku har yau suke cewa Amurka ta cinye Garba, ya yi kyauta ya karɓe, ya kira 'yar fari a gaban mutane. Na rasa kunyar kanta, irin son da mahaifina ya yi wa Yaya ba tare da ya buɗe baki ba, abu ne mai kyau a wurinsa, kuma a kaina ya ƙare a gidanmu. Yaya yana ba ni hannu a filin Idi, ya tambayi Musa, ya tambayi Bilkisu, sannan ya ce, "Yaya 'yarka?" In ce lafiya lau, tana gaishe ka. Ya ce madalla, ya wuce.

Huɗu ke nan. Nakan ƙirga su in ina jiran fitilar hanya ta ba ni hannu, ban taɓa samun na biyar ba, kuma Safiya ba ta cikinsu.